Shuɗin Hayaƙi a Kan Ruwa

A Yauri na koyi gyaran injin jirgin ruwa, a ƙarshen shekarun 1990, cikin wata rumfar kwano da ke kallon kogi. Tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968 ruwa ya yi faɗi a ƙasarmu, ya haɗiye tsibirai da gonaki da itatuwa, har gora da filafili suka daina kai mutum kasuwa su dawo da shi a yini guda. Inji ne ya maye gurbinsu. Da sassafe, idan jirage suka tashi a jere, shuɗin hayaƙi kan kwanta a kan ruwa, warinsa ya kama riga ya ƙi saki. Yawancin injunan Yamaha Enduro ne, masu ƙarfin doki 15 a bayan ƙananan jiragen masunta, masu 40 a bayan na fasinja, jefi-jefi a ga mai 75 yana tura babban jirgi shaƙe da buhunan albasa da kwandunan busasshen kifi. Dukkansu masu bugu biyu ne, irin waɗanda ake gauraya musu mai da fetur.

Maigidana dattijo ne marar yawan magana, Basarke da ya ajiye taru ya kama sifana. Kafin ya bar ni in kwance ko noti ɗaya, sai da ya buɗe wani mataccen inji a gabana ya ce in nemo masa inda baƙin mai yake kwanciya. Na duba sama da ƙasa, na ce, "Baba, babu."

Ya ce, "To ka riƙe wannan, ɗan nan. Babu ɗin ita ce sana'armu."

Injin mota yana da kasko a gindinsa inda baƙin mai ke taruwa, famfo na zagayawa da shi, in ya tsufa a juye a zuba sabo. Mai bugu biyu ba shi da wannan gata. Fetur da iska sai sun ratsa ta ƙarƙashin fistin, ta ɗakin karanshaf, kafin su hau sama su ƙone, don haka babu wani lungu da mai zai zauna. Ɗan abin da ya shigo tare da fetur shi zai shafi boris, ya shafi jikin silinda, sannan ya ƙone ya fita ta salansa. Kowane ɗigo sau ɗaya yake aiki. In ɗigon bai zo ba, ƙarfe zai goga ƙarfe sau dubbai a minti guda, kuma babu wata fitila da za ta kunna ta gargaɗi mai tuƙi.

Awon kuwa a rubuce yake: kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai. Jarka mai lita 25 tana son rabin lita. In injin sabo ne, ko an sake masa fistin da ringi, sa'o'i goma na farko ninkawa ake yi, lita guda cur a jarka. A fara zuba man, a bi shi da fetur, a girgiza sosai. Na ga Baba ya mayar da yaro ya sake girgiza jarka don kawai bai ji ƙarar girgizar daga inda yake zaune ba.

A bakin ruwa abin da ake yi daban ne. Wani da gwangwanin tumatir yake awo, wani da ido. Wani ya sayi fetur wurin 'yan bumburutu su ce masa an riga an haɗa, ya yarda. Na tuna wani mai fito tsakanin Zamare da Rofia da ya kawo injinsa a kafaɗa, yana cewa ya daina ja. Baba ya cire fulogi, ya duba, ya shinshina, ya ce, "Malam, me kake ba shi?"

"Wallahi Baba, mai nake ba shi, har ƙara masa nake yi."

"Wane mai?"

"Na mota mana, mai kauri. Ai ya fi wannan tsinkakken da kuke sayarwa."

Da muka buɗe, kan fistin ya yi ɓawon gawayi mai kauri, ringin sun manne a raminsu, ƙofar salansa ta kusa toshewa. Baƙin man mota ba don ya ƙone aka yi shi ba. Akwai sinadaran ƙarfe a cikinsa masu amfani a kaskon mota, amma in suka shiga wuta toka suke bari. Tokar nan takan gina kanta a kan fistin da bakin fulogi, ta yi jajir, ta kunna fetur tun lokacinsa bai yi ba, wata rana a tarar ta huda fistin. Yawan zubawar da yake taƙama da shi ma bai taimaka ba, sai ƙarin hayaƙi da jiƙa fulogi.

Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin jahilci ba. Mutumin da yake lissafin kuɗin fito naira-naira, gwangwanin man ƙwarai yana yi masa nauyi a aljihu, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 nauyin ya ninku. Amma lissafin ba ya fita. Abin da ya rage a wata shida, fistin da ringi da gasket za su cinye shi a rana ɗaya. Wannan ma in asarar ta tsaya a kan kuɗi ke nan. Tabkin Kainji cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, kuma iskar farkon damina ba ta sallama. Jirgin da injinsa ya mutu a tsakiya, da mata da yara da kaya a ciki, sai yadda iska ta yi da shi.

Man da Baba yake sayarwa yana da hatimin TC-W3 a jikin gwangwaninsa. Ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, NMMA, ita ke ba da shi bayan an gwada man a injuna. Mai ne marar toka, an yi shi don injin da ruwan kogi ke sanyaya shi, wanda kan daɗe yana tafiya a hankali ba tare da ya yi zafi sosai ba. Man 2T na babur da na ƙaramin janareta, waɗanda iska ke sanyayawa, wani abu ne daban. Da wannan ilimi na bar Yauri, kuma a kan injin jirgi har gobe daidai ne.

Bayan shekarar 2010 wani Alhaji ɗan kasuwa, Bakano mazaunin Legas, ya ɗauke ni in riƙa kula masa da jirginsa na shaƙatawa. Yana da gida a bakin teku a Ilashe, inda ba a zuwa sai ta ruwa. Ranar da na isa na tarar da baburan ruwa guda biyu a kan tireloli, an rufe su da tamfol. Ɗaya Yamaha WaveRunner, ɗaya Sea-Doo GTX ƙirar 1997. Dukkansu na hannu ne, daga Amurka aka yo odarsu, kuma a lokacin irinsu sun cika Legas. Dalili kuwa, tsohon inji mai bugu biyu yana zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗinsa a ruwa ba tare da ya ƙone ba. Hukumomin muhalli na Amurka suka tsananta doka daga 1998, a tabkin Tahoe na can aka hana masu kafireta shiga a 1999, kamfanonin kuma suka fara fito da masu bugu huɗu a 2002. Tsofaffin suka yi araha a can, aka loda su a kwantena.

Waɗannan ba a gauraya musu mai a jarka. Kowanne yana da tankin mai na daban, da ɗan famfo da ke ɗiga man cikin inji gwargwadon yadda aka matsa totur: kaɗan in ana tafiya a hankali, da yawa in an buɗe wuta. Direban jirgin Alhaji shi ke cika tankunan tun kafin zuwana. Mutum ne mai tsabta da kula, bai taɓa barin tanki ya yi ƙasa ba.

Wata Lahadi ɗan Alhaji, saurayi ɗan jami'a, ya hau Sea-Doo ɗin ya nufi Tarkwa Bay, muna biye da shi a jirgi daga nesa. Ya buɗe wuta, ruwa na tashi a bayansa, sai kawai muka ga ruwan ya faɗi. Injin ya ɗauke ɗif, daf da hanyar da manyan jiragen kaya ke bi su shiga tashar Apapa. Babur ɗin ruwa ba shi da wani abin juyawa in ban da ruwan da yake fesarwa ta baya, saboda haka da inji ya mutu kan ma ya daina juyawa. Ruwa na janyewa, yana jan yaron zuwa tsakiyar hanya, yana ta danna maɓalli, sitata na kuka ta kasa juya injin. Allah ya sa da rigar ruwa a jikinsa, kuma babu jirgin da ke shigowa a daidai lokacin. Muka jefa masa igiya, muka jawo shi a hankali, domin in aka ja irin wannan da gudu ruwa kan bi ta salansa ya cika injin.

Washegari na cire fulogi biyun. Na gaba launin ƙasa-ƙasa, lafiya ƙalau. Na baya fari fat, a bushe, da ɗigo-ɗigon alminiyam a bakinsa. Da injin ya huce ya yarda ya juya, na sa ma'aunin matsi: silinda ta gaba ta kai wajen 150, ta baya ba ta kai 90 ba. Fistin ya kama ke nan, kuma yunwar mai ce, alhali tanki cike yake.

Na kira wani tsohon makanike Ba'ilaje da ke da rumfa a bakin ruwa wajen Ikoyi, wanda ya daɗe yana taɓa waɗannan baburan. Da Turancin buroka muke magana. Bai ko kalli silindar ba. Hannu ya zura ƙarƙashin tanki ya ciro 'yar matatar da ke kan tiyon mai, ya ɗaga ta a rana. Abin da ke ciki ba ya gudu, ya yi kauri ya daskare kamar kunun da ya kwana. Ya juya ga direba ya tambaye shi me yake zubawa. Direba ya faɗi gaskiya: man da babur ɗin ya zo da shi yana ciki, ya ɗora masa na injin jirgi tun da shi ne a sito, ranar da wannan ya ƙare kuma ya sayo 2T a gidan mai ya ƙara. Iri uku a tanki ɗaya. Ba kowane mai ne yake yarda da ɗan'uwansa ba. Sinadaran wani sukan ci karo da na wani, su fitar da wannan dasƙararren abu, ya toshe matata. Ga kuma ɗaya daga cikin siraran tiyo biyu da ke kai mai daga famfo zuwa inji ya bushe ya tsage a gindin maɗaurinsa, na silindar baya. Ɗan abin da ya samu ya tsallake matatar, rabinsa a cikin jikin babur ɗin yake zuba.

Na ce, "To Baba, sai mu wanke mu zuba masa TC-W3 zalla."

Ya girgiza kai, ya shiga rumfarsa ya fito da littafin kamfanin, duk ya sha maiƙo, ya buɗe ya sa yatsa. A rubuce yake ƙarara: kada a sa TC-W3 ko wani mai marar toka na injin jirgi. Wannan injin API-TC yake so, mai 'yar toka kaɗan. Ya nuna Yamaha ɗin da ke gefe ya ce wancan kuwa TC-W3 ne abincinsa, haka ma na Kawasaki. Babura biyu a inuwa ɗaya, ruwa ɗaya suke shiga, fetur ɗaya suke sha, amma mai ya raba su.

Na kwana ina juya maganar har ta zauna mini. Injin Enduro mai doki 40 girmansa cc 703 ne, kuma iyakar juyawarsa 5,500 a minti. Injin da ke cikin wannan Sea-Doo, wanda kamfanin Rotax na Ostiriya ya ƙera, cc 782 ne, kusan girma ɗaya, amma doki 110 yake fitarwa, yana juyawa kusan sau 7,000. Ruwa ne ke sanyaya su duka, amma zafin da ke kan ringi da ƙofar salansa ba ɗaya ba ne. Sinadarin wanki marar toka yana aiki da kyau a matsakaicin zafi, in zafi ya wuce nan sai ya gaza. Na ƙarfen nan mai barin 'yar toka, wanda muke gudu a Yauri, shi ke jurewa a nan. Ga kuma wasu ƙyamare biyu a bakin ƙofofin salansa da ake kira RAVE, masu ɗagawa in inji ya ɗau wuta su sauka in ya lafa. Da muka zaro su sun yi baƙi ƙirin, sun manne, sai da muka jiƙa su muka kankare. Na ga masu ƙananan injunan Sea-Doo da suka yi shekaru suna zuba TC-W3 ba abin da ya same su, kuma sukan kafa hujja da haka. Ni dai a kan injin da ke da waɗannan ƙyamare ba na jayayya da wanda ya ƙera shi.

Gyaran silinda bai ɗauke mu lokaci ba. Aka rarake ta, aka sa fistin mai ɗan ƙarin girma, aka rage bakin ƙyamaren don kada su taɓa shi. Canjin man ne ya ci mana yini guda, har Alhaji ya yi mamaki da ya zo ya tarar da tanki a ƙasa.

"Ɗan Yauri, canjin mai ne har da fitar da tanki? Ba juyewa ake yi a zuba sabo ba?"

"Ranka ya daɗe, da irin wanda ke ciki za mu ƙara, da ko juyewar ba a yi. Iri za mu sauya, kuma ko cokali ɗaya na tsohon bai kamata ya rage ba."

Mun zuƙe tankin, muka cire shi, muka ɗauraye da fetur har ya fito garau, muka shanya. Matatar ba a wanke ta, sabuwa ake sawa, a lura da kibiyar da ke jikinta ta kalli famfo. Siraran tiyon biyu muka sake su da sababbi masu haske, waɗanda ake ganin mai na tafiya a ciki. Sai wani wuri da masu gaggawa ke mantawa. A tsakiyar wannan injin akwai wani ɗaki da giyar da ke juya faifan shigar fetur take wanka a cikin mai, kuma daga tankin nan ɗaya man yake zuwa ta wani babban tiyo, ya koma ta wani. Tsohon mai na kwance a can. In ba a zuƙe shi ba, zai dawo tanki ya gauraya da sabo, a koma gidan jiya. Wannan ɗakin ne ma ya sa tsohon ya gargaɗe ni game da masu cire famfo su koma gauraya mai a fetur don tsoron famfo ya mutu. In suka cire tankin gaba ɗaya, giyar nan ta bushe ta cinye kanta. A ganinsa famfon ba kasafai yake mutuwa ba, tiyo da matata ne ke cin amana, su kuwa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Da muka mayar da komai muka cika tanki, sai fitar da iska. A jikin famfo akwai ɗan noti da ake sassautawa, mai ya riƙa fita da kumfa, a jira har kumfar ta ƙare ya zo sumul, a ɗaure. Aka duba zane biyu, na jikin famfo da na hannunsa, aka daidaita waya har suka haɗu. Tankin fetur na farko mun gauraya masa mai 50 da 1, ƙari a kan na famfo, saboda sabon fistin, kuma don inji ya samu abin sha kafin siraran tiyo su cika. Muka tayar da shi a kan tirela. Inji ake fara kunnawa sannan a buɗe ruwan tiyo, in za a kashe a fara rufe ruwa, in ba haka ba ruwa ya koma cikin silinda. Yana tafiya a hankali, tsohon ya sa yatsa ya ja hannun famfo har ƙarshe, muka durƙusa muna kallon man yana hawa cikin tiyon biyu, yana tura kumfa a gabansa har ya shige inji. Hayaƙi ya turnuƙe wurin, direba na tari, tsohon na dariya.

Man da muka zuba sintetik ne mai hatimin API-TC da JASO FD na Japan. Na kamfanin kansa, XPS, yana da tsada kuma ba kullum ake samunsa a Legas ba, don haka muka zaɓi wanda za mu iya samu kowane lokaci, muka sayi katan guda daga hannun dila, saboda jabun mai ya yi yawa a kasuwa. Launi ba hujja ba ne. Wani shuɗi, wani ja, wani kore, duk rini ne. Abin dubawa shi ne ƙananan haruffan da ke bayan gwangwani. Na ja layi da alƙalami a jikin tankin mai daidai inda ya tsaya, muka fita da babur ɗin muna sassauta wuta muna ƙarawa, ba mu riƙe shi a ƙarshe ba. Da muka dawo man ya sauka ƙasa da layin, fulogi biyun kuma launinsu ɗaya.

A sito na raba wuri biyu, kowane babur da gwangwanayensa da mazurarinsa. Direban da kansa ya ɗaura wa mazurarin Sea-Doo jan ƙyalle.

Babur ɗin ya yi mana shekaru bai sake tsayawa a ruwa ba. Daga baya Alhaji ya sayi mai bugu huɗu, wanda ake juye masa baƙin mai irin na mota, ya sa tsohon Sea-Doo ɗin a kasuwa. Wani saurayi mai ba da haya a bakin teku ya zo saye. Kafin ya iso na samo fenti na rubuta API-TC a cikin murfin, kusa da bakin tankin mai, da manyan haruffa. Ya zagaya babur ɗin, ya ji ƙarar inji, ya tambayi kuɗin litar man. Da na faɗa masa ya riƙe baki, ya ce akwai na injin jirgi a wurinsu da bai kai rabin haka ba. Na ɗauko tsohon fistin ɗin da na ajiye a sito, mai zane-zanen ƙuna a gefe ɗaya, na sa masa a hannu, na gaya masa abin da gyaran ya ci da inda injin ya mutu. Ya juya shi, ya shafa gefen da ya narke da babban yatsa. Sannan ya tambaya ko Alhaji zai haɗa masa da sauran gwangwanayen da ke cikin katan, na ce zan yi masa magana.